Bilakberi Marar Ƙaya: Asalinsa, Dashensa da Renonsa a Lambu

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Arewacin Amurka akwai wani tsiro mai yaɗo da ke fitowa da kansa a bakin hanyoyi da gefen gonaki da kangaye. Idan lokacin zafi ya kusa ƙarewa sai ya cika da ƙananan 'ya'ya baƙaƙe wuluk, masu zaƙi da ɗan tsami-tsami. Sunan wannan tsiro bilakberi. Girman ɗansa bai wuce kan babban yatsa ba, launinsa kuwa idan ya nuna kamar na ɗinya. Mutanen waɗannan ƙasashe sun daɗe suna tsinkarsa a daji, su ci ɗanye, ko kuma su dafa shi da sukari har ya yi kauri su riƙa shafa wa burodi. Sai dai duk wanda ya taɓa miƙa hannu cikin kurmin bilakberi ya san abin da ke ciki: rassansa cike suke da ƙayoyi masu lanƙwasa kamar ƙugiya, masu yaga fata da tufafi. Wannan ya sa noma shi a lambu ya zama aiki mai wuya, domin datse shi wahala ne, tsinkarsa ma wahala ce.

A cikin ƙarni na ashirin masana ilimin tsirrai suka yi nasarar samar da ire-iren bilakberi waɗanda ba su da ƙaya ko ɗaya. Yadda aka yi haka, da yadda ake renon irin wannan tsiro, darasi ne mai amfani ga ɗalibi da malamin kimiyyar halittu, domin ya haɗa ilimin gado da ginin jikin tsiro da tasirin yanayi a wuri guda.

Wane irin tsiro ne?

Masana sun sanya bilakberi cikin jinsin da suke kira Rubus, a cikin babban dangin nan na furen wardi, wato Rosaceae. Ke nan ɗan'uwan tuffa ne da sitiroberi da rasberi. Furensa fari ne ko mai ruwan hoda-hoda, mai kunnuwa biyar. Abin da mutum yake gani kamar ɗa guda ɗaya, a gaskiya tarin ƙananan 'ya'ya ne da suka manne da juna, kowanne da ɗan ƙwallonsa a ciki, kamar a ce an tara ƙananan magarya an liƙa su a kan ɗan turke. Kowane ƙaramin ɗa daga mahaifa daban ya fito a cikin fure guda. Shi ya sa idan ƙurar fure ba ta kai ga dukkan mahaifun ba, sai ɗan ya fito a karkace, wani gefe ya cika wani gefe ya tsumbure. Yawancin ire-iren lambu suna iya yi wa kansu barbara, amma ziyarar ƙudan zuma tana sa 'ya'yan su cika sosai.

Hanya mafi sauƙi ta bambanta shi da rasberi ita ce wajen tsinka. Idan aka tsinki rasberi, ɗan turken nan na tsakiya yakan tsaya a jikin reshe, ɗan ya fito da rami a ciki kamar hula. Shi kuwa bilakberi da turkensa yake fitowa, a cinye su tare.

Ƙaya suna ta tara

Hausa kalma ɗaya take da ita, wato ƙaya, amma masana tsirrai sun kasa ta gida uku bisa ga asalin kowace. Ta farko ita ce wadda reshe ne ya rikiɗe ya zama tsini, kamar ta lemun tsami da ta aduwa. Ta biyu ita ce wadda ta samo asali daga ganye ko daga ƙananan kunnuwan da ke gindin ganye, kamar ta bagaruwa da ta magarya. Shi ya sa ake ganinsu bibbiyu a gindin kowane ganye. Ta uku kuwa daga fatar kara kawai take tsirowa, ba ta da jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa da abinci, kuma ba ta da wani tsayayyen wurin fitowa. Ƙayar wardi da ta bilakberi irin wannan ce. Ɗalibi zai iya gwadawa: idan ya tura ƙayar wardi gefe guda da yatsa sai ta ɓalle ta bar ɗan tabo, amma ta lemun tsami sai dai a karya ta ko a yanke.

Wannan bambanci shi ne mabuɗin labarin da ke tafe, domin tun da fatar kara ce ke fitar da ƙayar bilakberi, canjin da ya auku a fatar kaɗai ya isa ya raba tsiron da ƙaya.

Hanyoyi biyu na rabuwa da ƙaya

Hanya ta farko tsintuwa ce. A shekarar 1926, kusa da garin Stayton a jihar Oregon ta Amurka, aka tarar da wani bilakberi mai santsin kara a cikin nau'in da ake kira Rubus laciniatus. Aka yaɗa shi da sunan Thornless Evergreen, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan ire-iren kasuwa a wannan jiha. Amma manoma sun lura da wani abin mamaki: duk tohon da ya fito daga saiwarsa, musamman inda fartanya ko garma ta sare ta, da ƙaya yake fitowa. Bincike ya nuna cewa a kan tsinin kowane reshe ƙwayoyin halitta a jere suke hawa-hawa. Hawan waje shi ne ke zama fata, na ciki kuma su zama tsoka da itace. A wannan tsiro, hawan waje ne kaɗai ya sami canjin gadon da ke hana ƙaya. Na ciki suna nan da halin kakanninsu. Tohon saiwa kuwa daga ƙwayoyin ciki yake fitowa, saboda haka sai ya gina sabuwar fata mai ƙaya. Haka ma irinsa, idan aka shuka, mai ƙaya ake samu. Wato tsiro ne guda mai ɗauke da gado iri biyu, tamkar mai ƙaya da ya sa riga mai santsi.

Hanya ta biyu ta barbara ce da zaɓe. A cibiyar binciken lambu ta John Innes da ke Merton a Ingila, aka samar da irin da aka sa wa suna Merton Thornless wajen shekarar 1940. Shi wannan rashin ƙayarsa ya ratsa dukkan jikinsa, kuma yana gadar da shi ga 'ya'yansa. Sai dai ƙwayar gadon da ke kawo rashin ƙayar mai rauni ce, wato idan ta haɗu da takwararta mai kawo ƙaya sai a danne ta. Ɗalibin da ya karanta aikin Gregor Mendel a kan wake zai tuna cewa hali mai rauni yakan ɓuya a zuriya ta farko, sa'an nan ya bayyana a ɗaya cikin huɗu a zuriya ta biyu. Wannan lissafi na tsiron da ke da kwafi biyu ne na kowace ƙwayar gado. Ire-iren bilakberi da ake magana a kansu kwafi huɗu suke da shi, wato kuromozom 28 a jeri huɗu na bakwai-bakwai, kuma sai dukkan huɗun sun kasance masu rauni kafin ƙaya ta ɓace. Idan aka haɗa marar ƙaya da mai ƙaya tsantsa, dukkan 'ya'yan za su fito da ƙaya, kowanne da kwafi biyu masu ƙarfi da biyu masu rauni. Idan aka sake haɗa waɗannan da juna, damar kowane ɓangare ya ba da masu rauni biyu ita ce ɗaya cikin shida. Ɗaya cikin shida sau ɗaya cikin shida kuwa ɗaya cikin 36 ke nan. Mai bincike zai shuka tsirrai 36 kafin ya sa ran samun guda marar ƙaya, kuma ba lallai ne wannan gudan ya yi zaƙi ko yawan 'ya'ya ba. Abin da ya rage wahalar shi ne, an gano cewa ana iya shaida marar ƙaya tun yana ɗan tsiro, domin gefen ganyayensa biyu na farko ba shi da 'yan gasun da ake gani a na mai ƙaya.

Daga zuriyar Merton Thornless ne Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta fitar da Thornfree da Smoothstem a 1966, da Chester Thornless a 1985, da Triple Crown a 1996. A Jami'ar Arkansas kuma, inda James Moore ya fara aikin inganta bilakberi a 1964, aka fitar da Navaho a ƙarshen shekarun 1980, wanda karansa ke miƙewa tsaye kuma ba shi da ƙaya. A Sikotilan ma an samar da Loch Ness, wanda ya karɓu a lambunan Turai.

Saiwa mai daɗewa, kara mai shekara biyu

Wanda bai fahimci wannan sashe ba zai iya yin asarar amfanin shekara guda da wuƙarsa. Gindin bilakberi da saiwarsa suna iya rayuwa shekara goma sha biyar ko fiye, amma kowane kara shekara biyu kacal yake yi. A shekarar farko yakan fito daga gindi, ya yi tsawo, ya yi ganye, ba fure ba ɗa. Sai ya shiga hunturu ya yi barci. A shekara ta biyu idanunsa su buɗe, su fitar da gajerun rassa masu fure da 'ya'ya. Da an gama tsinka sai karan ya mutu. Ke nan a kowane lokacin zafi akwai kara iri biyu a gindi ɗaya: tsofaffi masu 'ya'yan bana, da sababbi masu ɗauke da 'ya'yan baɗi. Mai lambun da ya ga sababbin nan ba su da fure ya ɗauka banza ne ya sare su, ya sare girbinsa na baɗi.

A 2004 Jami'ar Arkansas ta fitar da Prime-Jim da Prime-Jan, waɗanda karansu ke yin 'ya'ya tun a shekarar farko, amma suna da ƙaya. A 2013 ta fitar da Prime-Ark Freedom, wanda ya haɗa halayen biyu: yin 'ya'ya a shekarar farko da kuma rashin ƙaya.

Buƙatar sanyi

Barcin hunturun da aka ambata ba hutu ba ne kawai. Idanun karan ba sa farkawa yadda ya kamata sai sun tara wasu sa'o'i a cikin sanyin da ke tsakanin digiri 0 zuwa 7 a ma'aunin Salsiyas. Wannan dabara ce ta kare kai, don kada ɗan ɗumin kwana biyu a tsakiyar hunturu ya yaudari tsiron ya yi fure, ƙanƙara ta dawo ta ƙone shi. Yawan sa'o'in ya bambanta: Navaho yana son kimanin 800 zuwa 900, Arapaho kuwa 400 zuwa 500. Idan sanyin bai isa ba, idanu kaɗan ne za su buɗe, a sami ganye mai yawa da 'ya'ya ƙalilan.

Wannan shi ne dalilin da ya sa bilakberi ba tsiron ƙasa mai zafi ba ne. Ko a tudun Jos, inda ake noma ɗan'uwansa sitiroberi, da wuya sanyin hunturu ya tara ɗaruruwan sa'o'i ƙasa da digiri 7. Duk da haka manoman jihar Michoacan a Meziko sun nuna cewa ana iya kewaye matsalar. Sun yi amfani da wani iri mai ƙaya daga Barazil mai suna Tupy, wanda ba ya son sanyi da yawa, suna zubar masa da ganye da gangan, su datse shi, su fesa masa sinadaran da ke ta da idanu. Ta haka Meziko ta shiga sahun gaba a noman bilakberi a duniya. Ire-iren da ke yin 'ya'ya a shekarar farko su ma ba sa jiran sanyi kafin wannan furen, sai dai zafi mai tsanani a lokacin fure yana lalata musu 'ya'ya.

Zaɓen wuri da dashe

Bilakberi yana son rana, aƙalla sa'a shida a yini. Yana son ƙasa mai taushi, mai ruɓaɓɓen taki, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, domin saiwarsa tana ruɓewa a cikin taɓo. Inda ƙasa take da laka sai a yi kunya mai tudu a dasa a kai. Ƙasar ta kasance mai ɗan tsami, tsakanin 5.5 da 6.5 a ma'aunin pH. Ana guje wa filin da aka yi tumatir ko dankalin Turawa ko barkono ko gauta a 'yan shekarun baya, saboda wata cutar yaushi mai zama cikin ƙasa wadda take kama su duka. Haka kuma ana nisantar da shi daga bilakberin daji, don shi ne matattarar cututtuka.

A ƙasashen sanyi ana dashe ne lokacin da tsiron yake barci, wato daga ƙarshen kaka zuwa ƙarshen hunturu, matuƙar ƙasa ba ta daskare ba. A haƙa rami mai faɗin da zai ɗauki saiwa ba tare da an nannaɗe ta ba, a binne daidai zurfin da tsiron yake a da, a danna ƙasa, a ba shi ruwa sosai. Ire-ire masu miƙewa tsaye kamar Navaho ana ba su tazarar kimanin mita ɗaya. Masu ranƙwafawa kamar Chester da Triple Crown kuwa mita ɗaya da rabi zuwa biyu, saboda ƙarfin girmansu. Tsakanin layi da layi a bar mita biyu da rabi zuwa uku.

Danga da datsa

Yawancin marasa ƙaya suna buƙatar abin jingina. Ana kafa turaku masu ƙwari, a ja waya biyu a tsakaninsu, ɗaya a tsayin kimanin santimita 90, ɗaya a 150. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ake ɗaure sababbin kara a jikin waya tun suna da taushi. Wasu masu lambu sukan karkata masu 'ya'yan bana gefe guda, sababbi kuma ɗaya gefen, don kada a rikita su.

Datsa sau uku ake yi. Na farko a lokacin zafi: idan sabon kara ya kai mita ɗaya da 'yan kai, ko ya ɗan wuce wayar sama, sai a tsinke kansa. Tsinin reshe yana fitar da wani sinadari mai suna oksin wanda ke hana idanun da ke ƙasa da shi buɗewa. Da an cire tsinin sai su fito su zama rassan gefe, su ne kuma za su ɗauki 'ya'ya. Na biyu bayan girbi: a yanke dukkan karan da suka yi 'ya'ya daga gindi, a kwashe su daga lambun. Na uku a ƙarshen hunturu: a zaɓi kara huɗu zuwa shida mafiya ƙarfi a kowane gindi, a cire sauran, a rage rassan gefe zuwa santimita 30 ko 45. Rage rassa yana rage yawan 'ya'ya, amma yana ƙara musu girma, yana kuma barin iska da haske su ratsa.

Ruwa, taki da yaɗawa

Saiwar bilakberi ba ta da zurfi sosai, saboda haka fari yana saurin taɓa shi, musamman daga fure zuwa nuna. Yana buƙatar kwatankwacin ruwan sama santimita biyu da rabi zuwa biyar a mako. A zuba ruwan a gindi, ba a kan ganye ba, domin jiƙaƙƙen ganye shi ne ke kiran fumfuna. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon itace a gindi yana riƙe laima, yana hana ciyayi, yana kuma rage buƙatar sa fartanya, wadda ke sare saiwa. Ana sa taki idan toho ya fara. Amma idan takin naitirojin ya yi yawa sai a sami ganye da kara mai laushi maimakon 'ya'ya.

Ba a yaɗa shi ta hanyar iri, domin abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a lanƙwaso kan sabon kara a ƙarshen lokacin zafi, a binne shi ɗan zurfi a ƙasa. Cikin makonni sai ya yi saiwa, daga baya a yanke shi daga uwar a dasa. Ire-ire masu miƙewa ana iya yaɗa su da guntayen saiwa, shi kuwa Thornless Evergreen ba a yaɗa shi ta wannan hanya, saboda dalilin da aka riga aka bayyana.

Abokan gaba

Cutar da ta fi muni ita ce tsatsa mai ruwan lemo, wadda ke rufe bayan ganye da gari mai launin lemun zaƙi. Tana ratsa tsiron har saiwa, ba ta da magani, sai dai a tumɓuke shi gaba ɗaya a ƙone. Fumfuna mai ruwan toka kuma tana ruɓar da 'ya'ya idan laima ta yi yawa. Cikin ƙwari akwai wani ɗan ƙuda ɗan asalin gabashin Asiya, Drosophila suzukii, wanda aka fara gani a Kalifoniya da kudancin Turai a 2008. Sauran ƙudajen irinsa ruɓaɓɓun 'ya'ya suke bi, amma macen wannan tana da tsini mai haƙora kamar zarto, da shi take huda lafiyayyen ɗa ta sa ƙwai. Maganinsa na farko shi ne tsinka a kai a kai da kwashe waɗanda suka zube. Tsuntsaye kuwa, tun da babu ƙayar da za ta dame su, sai an rufa raga.

Girbi da amfani

Ɗan bilakberi yakan fara kore, ya koma ja, ya zama baƙi mai sheƙi, daga ƙarshe sheƙin ya dushe. A wannan matakin ƙarshe ne zaƙinsa ke cika, kuma da an taɓa shi sai ya biyo hannu. Ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, don haka gaggawa asara ce. Ana tsinka da safe kowane kwana biyu ko uku, a zuba a kwano marar zurfi don kada na sama su murƙushe na ƙasa, a sa a firiji nan da nan, kuma ba a wankewa sai za a ci. A cikin giram 100 akwai kimanin miligiram 21 na bitamin C da giram 5 na harza mai taimaka wa hanji.

Baƙin launinsa daga sinadaran antosayanin ne, dangin waɗanda ke ba zoɓo jan launi. Malami zai iya nuna halinsu a aji ko da babu bilakberi: a zuba ruwan zoɓo a kofi biyu, a ɗiga lemun tsami a ɗaya, a sa ruwan kanwa a ɗaya. Na farko zai ƙara ja, na biyu ya rine zuwa shuɗi-shuɗi ko kore mai duhu. Ruwan bilakberi ma haka yake yi.

Kammalawa

A taƙaice, mai son renon bilakberi marar ƙaya yana buƙatar sanin abubuwa uku kafin ya ɗauki fartanya: asalin irin da ke hannunsa, don ya san ko saiwarsa za ta dawo masa da ƙaya, yawan sanyin da irin yake buƙata, don ya san ko yanayin garinsa zai ɗauke shi, da kuma shekarun kowane kara, don ya san wanda zai yanke da wanda zai bari. Ga ɗalibi kuwa, lissafin nan na ɗaya cikin 36 ya isa ya nuna irin haƙurin da ke bayan kowane ingantaccen iri, ko na bilakberi ne a Arkansas ko na dawa da wake a cibiyar bincike ta Samaru.